Tsarabar Shekarar Annoba

Idan aka waiwayi shekarar 2020, ya kamata mai hankali ya yi muhasaba a kan abin da annobar korona ta karɓe mana, domin tun da aka kulle Kano a watan Afrilu, tafsirin azumi ya koma gidajen rediyo, sannan Saudiyya ta taƙaita Hajji ga mazauna ƙasarta, sai ga shi a waccan shekarar babu alhajin da ya komo mana da dabino, ko zamzam, ko carbi. A ganina, rashin tsarabar nan bai raunana zumunci ba, domin mudun geron da aka aika gidan ɗan dakon da kasuwa ta rufe masa ya fi carbin ado nauyi a mizani, in Allah Ya karɓa.

Zaman gida kuwa ya mayar da ni ga Bazlul Ma'un na Ibnu Hajar Al-Askalani, wanda ya rasu a 1449, littafin da ya wallafa a kan ɗa'una bayan ta ɗauke masa 'ya'ya mata. Mai neman abin da zai bai wa ɗalibi kyauta a bana, ina ba shi shawarar ya nemo masa wannan.