Ido Ba Mudu Ba Ne: Mu Bar Horon Kai Da Yunwa, Mu Koma Awo



Mu mutane ne masu son awo. Idan muka shiga kasuwa ba ma yarda a zuba mana gero da ka. Sai an kawo mudu ko tiya mun tsaya mun sa ido, in mai awo ya shafe kan kwanon mu ce bai cika ba. Manja da kwalba muke sayensa, sukari da gwangwani, tela ma ba ya sa almakashi sai ya ɗora tef. Amma da zarar hatsin nan ya zama tuwo ya hau faranti, awo ya ƙare. Sai mu ci har hannu ya gaji, ko kwano ya ƙare, ko wanda muke ci tare ya tsame hannunsa.

Ranar da riga ta fara matse mu, ko likita ya ce jini ya hau, sai mu yi tsalle daga rashin awo mu faɗa cikin yunwa. Ra'ayinmu a wannan mako shi ne duka biyun kuskure ne. Wanda yake son rage ƙiba ya fi buƙatar ludayi da cokali a kan ya hana kansa tuwo.

Akwai wata 'yar uwarmu da bikin ƙawarta ya rage saura sati shida, ɗinkin anko kuma ya ƙi shiga. Ta yanke tuwo, ta yanke shinkafa, ta yanke mai. Da safe shayi ba sukari, da rana kokwamba da dafaffen ƙwai ɗaya, da dare ruwan ɗumi da lemon tsami. Satin farko sikeli ya nuna kilo uku sun tafi, ta riƙa murna tana ba kowa labari. A sati na biyu jiri ya fara ɗibarta in ta miƙe, ga saurin fushi, ga rashin barci. Daren kwana na goma sha biyu aka same ta a kicin ta cinye ragowar taliyar gidan da rabin biredi. Bayan wata uku kilo ukun nan sun dawo, har da ƙarin biyu. Mutanen gida suka ce ba ta da zuciya. Mu kuwa muna ganin tsarin ne bai da hankali, domin duk wanda aka ɗora a kansa haka zai ƙare.

Wannan ba zato muke yi ba. A shekarun 1944 zuwa 1945 wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwaji a Jami'ar Minnesota ta Amurka da samari 36 masu cikakkiyar lafiya da suka ba da kansu. Aka rage musu abinci zuwa kusan rabin abin da suka saba ci na tsawon wata shida. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, amma tunanin abinci ya cika musu kai. Wasu suka koma tara littattafan girki, hirarsu ta zama ta abinci, jikinsu ya yi sanyi, ransu ya riƙa ɓaci. Da aka sakar musu mara, da yawansu suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa. Waɗannan mutane ne masu juriya da suka shiga da niyyarsu, amma jiki ya fi ƙarfin niyyar. Jikin ɗan Adam bai san bikin ƙawa ba. In ya ga abinci ya yanke, fari yake zato, sai ya rage ƙona abin da ya ajiye, ya kuma ƙara wa mutum yunwa.

Kilo ukun satin farko ma da ke ruɗar mu, yawancinsu ruwa ne. Jiki yana ajiye wani sashe na abinci mai sitaci a hanta da tsoka tare da ruwa mai yawa. In aka daina cin tuwo da shinkafa, ajiyar nan ce ke fara ƙarewa, ruwan ya fita, sikeli ya sauka, kitse kuwa yana nan kusan yadda yake. Haka abin yake da shayin rage ƙiba da ake tallarsa a Facebook da TikTok. Da yawansu filasko ne a ciki ko wani abu mai sa zawo da yawan fitsari. Mutum ya kwana yana zirga-zirgar banɗaki, da safe ya ga ciki ya lafe, ya ɗauka magani ya yi aiki, alhali ruwan jikinsa da kuɗinsa ne suka tafi.

Me ya sa muka nace a kan awo? Domin ido yana yaudara. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai idon da bai taɓa ganin mudu ba ina zai san ƙimar? A shekarar 2002 wata masaniya, Barbara Rolls, da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Pennsylvania sun riƙa ba mutane taliya, wata rana kaɗan, wata rana da yawa. Ranar da aka zuba musu mafi yawa sun ci ƙarin kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma ba su ce sun fi ƙoshi ba. Ma'ana, girman abin da aka ajiye mana a gaba shi ke yanke yawan abin da za mu ci, ba yunwarmu kaɗai ba. Mu tuna faranti nawa muka share don kawai an riga an zuba.

Akwai kuma abin da ido ba ya ƙirgawa sam, wato mai da sukari. Kowane giram na mai yana ɗauke da kalori 9, alhali na sitaci ko na abinci mai gina jiki 4 ne. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Wanda ya kwarara cokali uku a kan shinkafa da wake ya ƙara kalori 360, kusan kamar ya ƙara wani farantin shinkafar ne, kuma cikinsa ba zai shaida ba. Kafin ya ƙona wannan sai ya yi tafiyar ƙafa ta wajen awa ɗaya ko fiye. Babban mutum kuwa abin da yake buƙata a yini bai wuce kalori 2,000 zuwa 2,500 ba, gwargwadon jikinsa da aikinsa.

Sukari ya fi mai iya ɓuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum ke ci a yini, wato wajen giram 50, kimanin ƙaramin cokali 12, kuma in an tsaya a rabin haka ya fi. Robar lemo ɗaya mai santilita 50 tana iya cinye wannan kason gaba ɗaya. Ba mu zo kan shayin mai shayi ba, da kunun safe, da zoɓo, da furar da aka dama da sukari. Da yawanmu da ke cewa "ni fa ba na cin abinci sosai" gaskiya suke faɗa, sha suke yi.

Awon da muke magana ba ya buƙatar sikelin kicin na 'yan gayu. Kayan aikin suna gidajenmu. Mu fara da sati ɗaya ba tare da mun rage komai ba, mu rubuta abin da muka ci kawai: malmala nawa, ludayin shinkafa nawa, cokalin mai nawa, kwalbar lemo nawa, har da ƙosan da muka tsinta a hanya. Wanda ya yi wannan da gaskiya zai ga abin da zai ba shi mamaki. Daga nan sai mu rage kaɗan. Mai cin malmala uku ya koma biyu, ya ƙara miya. Mai ya bar zuba shi daga bakin kwalba, ya bi ta cokali. Sukarin shayi daga cokali huɗu ya koma biyu, bayan sati biyu ya koma ɗaya, harshe yana sabawa.

Faranti kuma mu raba shi. Rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu abin gina jiki, ragowar tuwo ko shinkafa ko doya. Ba sai mun nemi abin da ba mu iya furta sunansa ba. Muna da zogale, rama, alayyafo, yakuwa, kabewa, kuɓewa, yalo da kabeji. Muna da wake, awara, ƙwai, kifi da nono. Kwaɗon zogale ko na rama abinci ne mai riƙe ciki, in dai an auna ƙuli-ƙuli da man da ke ciki. Kuma mu ci a zaune, a hankali, ba muna latsa waya ba, domin ƙoshi yana ɗaukar lokaci kafin mutum ya ji shi.

Wannan hanya tafiyar hawainiya ce, ba mu musa ba. Masana lafiya suna ganin rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati shi ne saurin da ya dace. Amma sannu ba ta hana zuwa. Wani babban bincike da aka fitar da sakamakonsa a Amurka a 2002, a kan mutane sama da 3,000 da ke gab da kamuwa da ciwon sukari, ya nuna waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, tare da motsa jiki na minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, wannan kilo shida ne da 'yan kai. Ba sai ya koma siririn da yake a sakandare ba kafin jikinsa ya amfana. Wanda ba shi da sikeli ya samo igiya ya auna tsawonsa, ya ninka ta biyu, ya zagaya ta a cikinsa ta wajen cibiya. In ba ta haɗu ba, teɓar ta kai a fara kula da ita.

Inda gizo ke saƙa shi ne cikin mutane. Awo yana da sauƙi ga mai cin abinci shi kaɗai, mu kuwa tare muke ci. Ta yaya za mu auna a tire ɗaya da mutum biyar? Ta yaya za mu ce wa Inna malmala ɗaya ta isa, ba ta tambaye mu ko ba mu da lafiya ba? A gidan surukai in muka tsame hannu da wuri a ce mun raina girki. Har yanzu a wurare da dama teɓa alamar buɗi ce, amaryar da ba ta yi ƙiba ba kuma a fara zargin mijin. Saboda wannan ne wasu 'yan mata ke shan sha-ka-fashe a daidai lokacin da wasu ke kwana da yunwa. Maganin shi ne a faɗa wa mutanen gida gaskiya tun farko, cikin ladabi: "Inna, girkinki nake ci, yawan ne kawai na rage, saboda hawan jinin da ke gidan nan." Uwar da ta ga yadda ciwon ya kwantar da ɗan uwanta za ta fahimta. A tire kuwa mutum ya ja kasonsa gabansa tun farko, in ya ƙare ya yi hamdala. A wajen biki ya ci, ya ji daɗi, gobe ya koma kan awonsa. Rana ɗaya ba ta rusa aikin wata uku, abin da ke rusa shi shi ne cewa "tunda na karya, shi ke nan".

Wani zai ce a wannan tsadar rayuwa, da mutane ke neman abin sawa a baki, maganar rage ci ta masu hali ce. Akwai gaskiya a ciki, kuma wanda bai samu ya ƙoshi ba wannan rubutu ba da shi yake ba. Sai dai ƙiba ta daɗe da barin gidan masu kuɗi kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa. Abin da ya fi araha shi ne sitaci da mai da sukari, shi ya sa ake samun mai ƙaramin ƙarfi da teɓa da ciwon sukari a tare, kuma shi ne wanda kuɗin magani na kowane wata zai fi durƙusarwa. Awo bai ƙara masa kashe ko kwabo ba, kwalbar mansa ma sai ta ƙara kwana.

Wani kuma zai ce awo yana iya zama wasuwasi. Wannan ma haka ne. Manufar ita ce a auna na 'yan makonni har ido ya koyi ƙima, daga nan a ajiye takarda. Duk wanda ya ga ya fara tsoron abinci, ko yana jawo amai bayan ya ci, ko yana ɓoye wa mutane yadda yake ci, ya tsaya ya ga likita. Mai ciki, mai shayarwa, yaro mai tasowa, mai gyambon ciki da mai ciwon sukari da ke kan allura ko ƙwaya, kada su rage abinci sai da shawarar ma'aikacin lafiya.

'Yar uwar tamu ta sake gwadawa bayan shekara. Wannan karon ba ta yanke komai ba. Ta ware ludayi ɗaya da ƙaramin faranti, ta bar lemo sai ranar Juma'a, tana taka ƙafa bayan la'asar. A wata biyar kilo bakwai suka tafi, kuma tuwon dare bai taɓa wuce ta ba. Mu ma yau da dare, kafin mu sa hannu, mu ƙirga malmalar da ke gabanmu da cokalin man da ya shiga, mu rubuta. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.