Karen Gadi Ma Amana Ne

A Sabo ta Ikorodu da Zangon Agege, akwai 'yan'uwanmu da suka ajiye karnuka saboda ɓarayi. Ni a ganina, duk wanda ya ɗaure kare a ƙofarsa, haƙoran karen ya ɗauka aiki, don haka kula da su nauyi ne a wuyansa.

Babban kare haƙora 42 gare shi. Idan datti ya daskare a gindinsu, sai dasashi ya kumbura, baki ya yi wari, haƙoran su fara girgiɗi. Karen da tauna ta gagara, ina ya ga ƙarfin gadi? Abin takaici, mun saba jefa masa dafaffen ƙashin kaza, alhali yana tsagewa ya soke shi a baki ko a hanji. Gyaran kuwa ba wuya: a samu burushi mai laushi, ko a naɗa tsumma mai tsabta a yatsa, a riƙa goge masa kullum tun yana kwikwiyo. Kada a sa masa man goge bakin mutane, domin haɗiyewa yake yi ya cutu.

Wani zai ce ai kare najasa ne. To, a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, kuma malamai sun halatta ajiye shi don farauta da tsaron dukiya.

Sai dai kafin ka sa hannu a bakinsa, kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar ciwon haukan kare, cutar da aka ƙiyasta tana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya sa mu gane.