Tauraron Ɗan Adam Ba Ya Karɓar Na Goro



Duk shekara da damina ta sauka, sai a kafa rumfa, a kira maroƙa, babban baƙo ya dasa itace guda, a ɗauki hoto, a watse. Ni kaina na riƙa bokitin ban ruwa a irin wannan buki lokacin da namu ke bisa kujera. Bara na bi ta wurin, wallahi ko kututture ban iske ba, awaki sun gama da su.

To jama'a, akwai mai shaidar da ba ya mantuwa. Tun 1972 taurarin ɗan Adam na Landsat, mallakar Amurka, ke ɗaukar hoton doron ƙasa, suna komowa kan kowane wuri bayan mako biyu da 'yan kwanaki. A 2008 aka buɗe taskar hotunan kyauta ga kowa. Ka shiga Google Earth, za ka ga Sakkwato tun daga 1984: yadda gine-gine suka cinye gonaki wajen Arkilla, da yadda ruwan madatsar Goronyo ke cika yana ja da baya.

Wa ya manta ambaliyar Satumban 2010, da ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo? Ruwa ba ya ɓata hanyarsa. Inda ya kwanta a fadamar Rima, can zai koma.

Don haka duk ɗan takarar da ke son mu yi masa yawon kamfe, ya sa hannu kan abu biyu. Na farko, duk shingen itatuwan da aka ce an dasa don tare hamada a Illela, Gada ko Tangaza, a buga hoton wurin daga sama kafin aiki, a sake bugawa bayan shekara biyar. Na biyu, kada a yanka wa kowa fuloti kusa da gulbi sai an duba tsofaffin hotuna. Masana muna da su a jami'armu, ga kuma hukumar NASRDA da ke aiki tun 1999.

Wani dattijon jam'iyya ya ce mini: "Yaro, wannan ai har asirinmu zai tona." Na ce, ranka ya daɗe, zai tona mana. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Gara mu fara auna kanmu kafin 'yan adawa su auna mu a bainar jama'a.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.