Kafin iskar damina ta iso: wa ke kula da itatuwan Tamale?

Duk shekara, da zarar watan Afrilu ya kama, hadarin farko yakan zo wa Tamale da iska mai ƙarfi kafin ruwa ya sauka. Washegari kuma labarin kusan ɗaya ne daga Bulpiela zuwa Lamashegu, daga Sakasaka zuwa Aboabo: kwanon rufi ya tashi, reshen dogon yaro ya faɗo ya tsinke wayar NEDCo, tsohon maɗaci ya rufta kan katanga. Sai a kira jami'an NADMO su zo su duba asara, a jajanta wa juna, a ce tsautsayi ne. To amma reshen da ya faɗo daren jiya ya yi shekara yana nuna alama, babu wanda ya ɗaga kai ya duba.

Mu a nan mun iya bikin dasa itace. Ranar 11 ga Yuni 2021 aka fara shirin Green Ghana da niyyar dasa itatuwa miliyan 5 a rana guda, a 2022 aka ɗaga adadin zuwa miliyan 20, sannan a watan Maris 2025 gwamnati ta ƙaddamar da shirin Tree for Life. 'Yan makaranta sun fito, an ɗauki hotuna. Duk wannan abin yabo ne. Sai dai mutanen arewa ba su manta da aikin dashen hukumar SADA ba, wanda ya ci sama da sidi miliyan 30, daga baya aka tarar yawancin itatuwan sun mutu saboda fari da gobarar daji da rashin kulawa. Darasin a fili yake: dashe aikin yini ɗaya ne, reno kuwa na shekaru.

A nan ne ake buƙatar mai gyaran itace, mutumin da ya san yadda ake rage reshe ba tare da an kashe uwar ba. A ƙasashe irin su Ingila da Amurka wannan sana'a ce mai horo da takardar shaida. A Tamale fa? Galibi saurayi ne da adda da tsohuwar igiya, ko mai injin zarto da ke neman itacen sayarwa. Yakan hau ba hular kwano, ba ɗamarar tsaro, wani lokaci ƙafa ba takalmi, waya mai wuta tana kusa da kafaɗarsa. Maigida kuma ya tsaya a ƙasa yana cinikin lada kamar mai sayen tumatir, ƙarshe ya ce masa, "Ɗan'uwa, ai ga itacen nan, ka kwashe ya zama ladanka."

Wannan ciniki shi ne tushen ɓarnar. Idan itacen da aka sare ne ladan mutum, ai dole ya sare da yawa. Shi ya sa za ka ga dogon yaro an yi masa aski tas, ya zama kututture tsirara. Irin wannan sara tana da illa biyu. Inuwar da ake buƙata a watan Maris, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, ta tafi. Rassan da za su toho daga baya kuma sukan fito da sauri amma ba su kama jikin itacen da kyau ba, su ne iska ke fara karyawa bayan 'yan shekaru. Maigida yana ganin ya yi maganin hatsari, alhali ya saye shi ne da kuɗinsa.

Aikin yana da ƙa'ida, kuma ba ta da wuyar koyo. Ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rassan itace a lokaci guda. Babban reshe sau uku ake yanka shi: a fara tsagawa ta ƙasa, a yanke ta sama ɗan gaba kaɗan don nauyin ya sauka ba tare da ya ɗaye ɓawo ba, sannan a gyara guntun da ya rage dab da kumburin gindin reshen, wurin da itacen ke iya rufe rauninsa. Wanda ya san aiki yakan fara da zagaya itacen: akwai gara a gindi? Akwai kogo ko tsagewa a inda rassa suka rabu? Kauci ya cinye saman? An haƙa kwata ko tushen gini an datse saiwoyi? Amsar waɗannan ita ce ke nuna ko gyara za a yi ko kuwa sarewa ta zama dole.

Wanda yake ganin maganar ba ta kai ta kawo ba, ya tuna Kintampo. Ranar 19 ga Maris 2017 iska ta kayar da itace a kan masu wanka a wurin faɗuwar ruwan garin, aƙalla mutum 18 suka rasu, yawancinsu ɗaliban makarantar sakandare ta Wenchi Methodist. Allah ya kiyaye na gaba. Amma makarantu nawa ne a Tamale inda yara ke cin abinci, wasu ma suke ɗaukar darasi, a ƙarƙashin itacen da ba a taɓa duba lafiyarsa ba? Haka tashoshin mota, haka bakin kasuwa, haka dandalin da dattawa ke zaman hira.

Kada kuma tsoro ya sa mu koma sare komai. Dagombawa na cewa sunan Tamale kansa daga 'ya'yan kaɗanya ya samo asali, ga shi yau sai ka fita bayan gari sosai kafin ka ga kaɗanya da ɗorawa a tsaye, saboda gini da ƙona gawayi. Maƙwabtanmu na Maradi sun nuna abin da gyara zai iya yi. Tun shekarun 1980 manoma a can suka riƙa barin tohon kututture a gona, su zaɓi masu ƙarfi su rage sauran, har aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Da wuƙa da haƙuri aka yi wannan aiki.

Don haka muna kira ga Majalisar Birnin Tamale da ta buɗe rajistar masu gyaran itace, ta haɗa kai da sashen Parks and Gardens da Hukumar Gandun Daji da jami'ar UDS a shirya musu gajeren horo da shaida. A tanadi igiya da ɗamara da hular kwano da za su iya saye a hankali ko su yi haya. NEDCo ta samar da hanya mai sauƙi ta kashe layi na 'yan sa'o'i idan za a yi aiki kusa da waya. Ofishin ilimi ya sa kowane shugaban makaranta ya kira wanda zai duba itatuwan harabarsa tsakanin Janairu da Maris, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Su ma matasan da ke wannan aiki su haɗa kansu cikin ƙungiya, su tsayar da farashi, su daina karɓar itace a madadin lada. Mai gida kuwa ya biya kuɗi a hannu, ya nemi izinin hukuma kafin ya kayar da babban itace, ya kuma tambayi mai aikin yadda zai sauko da reshen kafin ya bar shi ya hau. Kuɗin gyaran reshe ɗaya bai kai na sabon rufi ba, balle na jinyar wanda ya faɗo.