Irmiya 29:11 Ba Takardar Biza Ba Ce

Karatu: Irmiya sura 28, da 29:1-14



Akwai ayar da matasanmu suka haddace fiye da Addu'ar Ubangiji, wato Irmiya 29:11. Tana jikin riguna, tana yawo a WhatsApp, tana kan katin bikin gama jami'a. Ayar ba ta da laifi, maganar Allah ce. Abin da nake jayayya da shi shi ne koyarwar da aka ɗora a kanta, wadda ta cika tarurrukan matasa a 'yan shekarun nan. Koyarwar tana cewa Allah ya ɓoye wa kowane mutum wata "manufa" babba, cewa manufar nan kusan kullum tana wani wuri dabam da inda kake, kuma sai wani shafaffen mutumin Allah ya buɗe maka ita, galibi bayan ka "shuka iri". Ina so in faɗa a fili cewa wannan koyarwa ba ta cikin Irmiya 29. Abin da ke cikin surar ma kishiyarta ne.

Mu buɗe Littafi mu duba. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar ya kwashe sarkin Yahuza da fadawansa da masu sana'a da maƙera zuwa Babila. Bayan 'yan shekaru, wani annabi mai suna Hananiya, mutumin Gibeyon, ya tsaya a Haikali gaban firistoci da jama'a ya yi shelar cewa cikin shekara biyu za a dawo da kayan Haikali da dukan kamammu. Har ya cire karkiyar itacen da Irmiya ya rataya a wuya ya karya ta a idon kowa. Da a zamaninmu ne, da bidiyon wannan taro ya zagaye Najeriya kafin gari ya waye. Irmiya kuwa ya aika wa kamammun wasiƙa mai ɗaci. Ya umarce su su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su kuma yi masa addu'a. Ya gargaɗe su kada su saurari annabawa da masu mafarkan da ke cikinsu. Sa'an nan ya faɗa musu tsawon zaman: shekara 70.

Aya ta 11 tana zuwa ne bayan wannan duka. An rubuta ta ga jama'a, da "ku" ake magana, ba da "kai" ba. Saurayin da ya ji karatun wasiƙar yana da shekara 25, in ya ga cikar alkawarin, to yana da 95. Yawancin waɗanda suka fara jin ayar nan a Babila aka binne su. Duk da haka Allah ya kira shirinsa a kansu shirin alheri. To da wane hali za mu ɗauki wasiƙar da ta ce wa mutane su zauna su dasa itatuwa, mu mai da ita tabbacin cewa bana za a buga mana biza?

Kada wani ya ce na kira Kano Babila. Ba haka nake nufi ba. Da yawa cikinmu nan aka binne cibiyarsu, iyayensu daga Sumaila ko Rogo ko Tudun Wada suka shigo birni, wasu kuma kakanninsu ne suka zo Sabon Gari tun zamanin jirgin ƙasa da gyaɗa. Idan har an umarci kamammu su nemi alherin garin da ya ci su da yaƙi, ina ga wanda yake zaune a garinsu?

Ku dubi abin da koyarwar nan take yi wa mutane. Yarinya ta gama karatun jinya, an ba ta aiki a ƙaramin asibiti, ta ƙi, wai ruhunta bai shaida mata nan ne manufarta ba. Saurayi ya gama bautar ƙasa shekara uku da suka wuce, kawunsa ya kira shi shagon gyaran janareta, ya ce an yi masa annabci cewa shi "muryar al'ummai" ne. Yana nan yana jiran gawon shanu, uwarsa ce ke ciyar da shi da kuɗin ƙosai, ita ce kuma ke saya masa katin waya da yake kallon wa'azin da ke hana shi aiki. Ba ya zuwa koyar da makarantar Lahadi, domin yara goma sha biyu a ƙarƙashin rumfa sun yi wa kiransa kaɗan. Wannan zaman kashe wando ne aka yi masa baftisma. Manzo Bulus ya gamu da irinsa a Tasalonika, inda wasu suka daina aiki suna fakewa da ruhaniya, kuma 2 Tasalonikawa sura 3 ta nuna bai rarrashe su ba.

Mafi muni shi ne abin da ke biyo baya. Shekara ta ƙare, annabcin bai cika ba. Mai annabcin ba zai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Zai ce bangaskiyarka ce ta gaza, ko akwai maƙiya a gidanku, ko irin da ka shuka bai kai ba. Sai matashi ya fara zargin kakarsa da ke ƙauye, ko ya fara zargin Allah. Ku duba kujerun baya na majami'a, ku ƙirga waɗanda suka daina zuwa. Ba duka ne duniya ta ja ba. Wasu alkawarin da Allah bai yi ba aka yi musu da sunansa, da bai cika ba suka yi fushi da shi.

Wani zai ce ai littattafan manufa sun taimaki mutane. Gaskiya ne. Littafin Rick Warren da ya fito a Amurka a 2002 ya sa miliyoyin mutane sun tambayi kansu dalilin rayuwarsu, kuma shi kansa ya ɗora nauyin maganarsa a kan sujada da zumunta da hidima. A hanyar isowa wurinmu ne aka sauke hidimar, aka loda mota da muƙami da ƙasar waje.

Wani kuma zai kawo magana mai nauyi: ƙasar ta yi zafi, kuma Kano ba ta kasance da sauƙi ga masu bi a kowane lokaci ba. Ban musa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota daga Nassarawa zuwa Sabon Gari kaɗai ya isa ya sa mutum tunani. Iyayenmu suna tuna Oktoban 1991. Mu kanmu muna tuna 29 ga Afrilu 2012, ranar da aka kai wa masu sujada hari a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, da bam ɗin tashar mota ta New Road a Maris 2013. Wanda ya auna wannan duka ya ga ya fi masa ya tafi Jos ko Abuja ko Kanada, bai yi zunubi ba. Ibrahim ya yi ƙaura, Yusufu da Maryamu sun gudu da Yaron zuwa Masar. Ka tafi da addu'ar ikilisiya, ka nemi alherin garin da ka sauka. Amma ka kira abin da sunansa: shawara ce ka yanke a gaban Allah da hankalin da ya ba ka. Kada ka koma kana kallon wanda ya zauna kamar wanda ya rasa nufin Allah, kada kuma ka biya wani ya "gani" maka. Da Ingila ta hana yawancin ɗalibai tafiya da iyalansu daga Janairun 2024, annabce-annabce nawa ne suka rushe a dare ɗaya? Nufin Allah da sanarwar wani ofishi a Landan za ta iya sokewa, ai da ma ba nufinsa ba ne.

Tarihin bishara a ƙasar nan ma bai goyi bayan masu wannan koyarwa ba. A 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Ba su ga ikilisiya ko ɗaya ba. A ma'aunin tarurrukanmu na yau, samarin nan sun "rasa manufarsu". Amma daga wannan aiki SIM ta fito, daga SIM kuma ECWA ta fito a 1954. A 1900 Likita Walter Miller ya iso Kano tare da Bishop Tugwell, Sarki Aliyu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Miller ya koma ƙasar Zazzau ya shafe shekaru yana fama da kalmomin Hausa ɗaya bayan ɗaya, sai a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da harshen da kuke karanta wannan rubutu da shi. Shekara 32 ke nan daga ranar da aka juya shi a Kano.

Ku je asibitin ido na ECWA da ke nan garin, wanda aka buɗe a 1943. Ku tuna da Yadakunya, inda aka yi ta jinyar kutare tun shekarun 1930. Mun san sunayen 'yan likitoci kaɗan. Waɗanda suka wanke gyambo, suka ɗaure bandeji, suka riƙe hannun tsohon da aka yi wa aikin yanar ido suka kai shi makewayi, yawancinsu ba wanda ya rubuta sunansu. Musulmi da Kirista sun warke a hannunsu. Wa zai tsaya a gaban Allah ya ce mutanen nan ba su gano dalilin halittarsu ba?

Ko wanda ya yi suna, ku dubi yadda ya ƙare. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya taso ta makarantar Wusasa, ya zama likitan Sardauna, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya riƙe ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Bayan juyin mulki aka tsare shi. Da ya fito, Samaru ya koma yana duba marasa lafiya a asibitinsa yana kuma hidimar bishara, har ya rasu a 2005. Muƙamai sun zo sun wuce, aikin da ke hannunsa tun farko yana nan.

Abin da Littafi ya bayyana game da nufin Allah ba ɓoyayye ba ne. Afisawa 2:10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu ne domin kyawawan ayyukan da aka riga aka shirya, kuma sauran wasiƙar ta fayyace su: gaskiya a baki, aiki da hannu domin a sami abin taimakon mabukaci, girmama iyaye, aminci a aure. Mutum na farko da Littafin Fitowa ya ce an cika shi da Ruhun Allah domin wani aiki, Bezalel ne, mai aikin zinariya da itace. Tabita ta Yafa ɗinki take yi wa gwauraye, kuma saboda ita Bitrus ya durƙusa ya yi addu'a har ta tashi daga matattu. Ubangijinmu kansa mutanen Nazarat da sassaƙa suka san shi, sai da ya kai wajen shekara 30 ya fara wa'azi. Ba wanda zai ce shekarun da ya yi a shagon Yusufu ɓata lokaci ne.

Ina roƙon shugabannin zumunta da dattawan ikilisiya abu guda. Kafin a gayyaci baƙon mai wa'azi ya zo ya yi wa matasa magana a kan manufa, a tambaye shi annabcin da ya yi bara, a bincika ko ya cika. Maimaitawar Shari'a sura 18 ta ba mu wannan ma'auni, ba rashin ladabi ba ne a yi amfani da shi. In ya ce a kawo kuɗi kafin ya buɗe wa yaro ƙaddararsa, a karanta masa labarin Saminu mai sihiri a Ayyukan Manzanni sura 8, a ba shi kuɗin mota. A madadinsa a kira ma'aikaciyar jinyar da ta yi shekara 30 tana kwana a asibitin Nassarawa, ko malamin firamaren da ya koyar da rabin mawaƙanmu karatu, a ba su minti arba'in ɗin nan.

Hananiya ya yi annabcinsa a wata na biyar. Irmiya ya koma ya faɗa masa cewa Ubangiji bai aike shi ba, ya sa jama'a sun dogara ga ƙarya, kuma karkiyar ƙarfe za ta maye gurbin ta itacen da ya karya. A wata na bakwai na wannan shekara Hananiya ya mutu. Kamammun da suka ɗaure kayansu suna jiran shekara biyu ta cika, dole suka kwance su.