Kwana Uku a Gida

Yara, in kun taɓa tsayawa a bakin babbar hanya da yamma, kun ga manyan motoci suna wucewa, an lulluɓe kayansu da tamfol. Waɗansu sun ɗauko hatsi daga kasuwar Dawanau ta Kano, waɗansu albasa, waɗansu shanu, duk sun nufi kudu. Daga Kano zuwa Ikko, watau Legas, wajen kilomita 1,000 ne. Mota ta kan bi ta Zariya da Kaduna, ta ƙetare kogin Kwara a gadar Jabba, ta ratsa Ilori da Badun, kana ta isa bakin teku. In ta sauke kaya, sai ta jira lodin komowa. Saboda haka direba ya kan yi mako guda, ko fiye, bai ga ƙofar gidansa ba.

Kowa ya san wahalar hanya. Amma ba kowa ya kan tuna da 'yan kwanakin da direba ya ke yi a gida tsakanin tafiya da tafiya ba. Mutane su kan ce ai hutu ne. Ni kuwa a ganina kwanakin nan su ne rabin tafiya, gama yadda aka yi da su, haka hanya za ta kasance.

Mutanen da sun san wannan. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatake su kan kora jakuna zuwa Gwanja, su sayo goro a kasuwar Salaga, wadda ta ke cikin ƙasar Gana ta yanzu. Tafiya da komowa watanni ne. In sun komo, su kan zauna su yi noma, su ɗinke mangala da akumari, su yi jinyar jakunan da kaya ya yi wa miki a baya, su kansu kuma su murmure. Falke yana da watanni na yin wannan. Direban zamani kuwa, wani lokaci kwana uku kaɗai gare shi.

Bari in ba ku labarin wani maƙwabcina, ku ga yadda kwana ukun nan su kan tafi. Ran nan da damina ya komo daga Ikko ran Alhamis da tsakad dare, idonsa ja wur don gajiya. Da ya yi sallar asuba ya kwanta. Kafin hantsi sai ga sallama a zaure, 'yan barka da zuwa sun iso. Wannan ya tashi, wancan ya zauna. Ƙanensa ya zo da maganar biki, wani kuma ya zo jin ko an kai saƙonsa. Har aka tafi masallacin Jumma'a bai sake runtsawa ba.

Da ya komo, uwargida ta ce, "Maigida, indararon ɗakin yara ya karye tun ruwan makon jiya, ruwa yana bin bango. Guga kuma ya faɗa rijiya, da na maƙwabta mu ke ja." Ya ɗauko ƙugiya, ya yi ta lalube a rijiya har la'asar kafin ya ciro gugan. Sa'an nan ya jingina tsani zai hau soro. Ashe gara ta cinye matakala ta uku. Yana takawa sai ta karye, ya faɗo kan randa, randa ta fashe, ƙafarsa ta gurɗe. Daren nan zogi ya hana shi barci.

Ran Asabar ya ɗingisa, ya aro tsani, ya gyara indararo. Yana saukowa ya tarar akuya ta tsinke daga turke, tana tauna takardar lodin da ya ajiye kan tabarma. Dole ya koma wurin mai kaya aka rubuta masa wata. Da magariba aka nemi makullin mota aka rasa. Aka birkice ɗaki, aka zazzage aljihu, aka share tsakar gida. Can bayan lisha aka same shi cikin motar gwangwani ta autan gida. Da suka je tasha su ta da mota, sai ta ƙi tashi, don yaron mota ya bar fitila a kunne, batir ya mutu. Kafin su sami aron wani, dare ya raba. Ba wanda ya duba taya, ba wanda ya duba birki.

Da asubar Lahadi ya kama hanya, barcinsa bai fi na awa 3 ba. Ya wuce Zariya kaɗan, rana ta fara zafi, sai barci ya sace shi. Mota ta saki hanya, ta faɗa gonar dawa, buhuna suka zube. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba, amma an yi asarar kaya, shi kuma ya yi wata guda ba aiki. Da na je gaishe shi, ya ce mini, "Malam, haɗarin nan tun daga gida na ɗauko shi."

Gaskiya ya faɗa. Ku ɗauki alli ku yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa ɗaya tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. In direba ya rufe ido daƙiƙa 3 kacal, mota ta yi mita 50 ba mai tuƙa ta, watau kamar rabin tsawon filin ƙwallo. A cikin mita hamsin ɗin nan ana iya samun gada, ko kwana, ko yaro mai kora tumaki. Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko 8 kowane dare, wanda kuwa ya rasa shi dare biyu ko uku, to, bashi ya ci, kuma barci ba ya yafe bashi. Don haka ne a ƙasashen Turai doka ta hana direban babbar mota yin tuƙi fiye da awa huɗu da rabi ba tare da ya huta minti 45 ba. A Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988. Ma'aikatanta suna iya tsai da mota su duba taya da fitila da takardu, amma ba su da abin auna barcin da direba ya yi jiya. Wannan mutanen gidansa kaɗai suka sani.

Wani zai ce, "To, in haka ne, a bar shi ya yi ta barci kwana ukun, kada ya taɓa kome." Ban yarda da wannan ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Indararon da aka ƙyale yau, gobe bango zai ci, bangon kuwa a kan yara zai faɗi. Ban da haka, 'ya'ya suna bukatar ubansu ya zauna da su, ya duba littattafansu, ya ji abin da ke damunsu. Mutumin da ya bar gida a lalace, hankalinsa ba ya kwanciya a hanya, direba marar kwanciyar hankali kuwa ɗan'uwan mai gyangyaɗi ne.

Abin da ya kamata shi ne a raba kwanakin. Rana ta fari ta barci ce, baƙi su yi haƙuri sai bayan la'asar. Rana ta biyu ta gida ce, a yi gyare-gyare, a auno hatsi, a gai da dangi. Rana ta uku ta mota ce. A kai ta wurin bakanike da rana tsaka, a duba birki, da baƙin mai, da ruwan lagireto, da iskar taya, a tabbata jak da safaya suna nan. Daren tashi kuwa, da an yi lisha sai kwanciya. In wani aiki ya rage, a kira magini ko kafinta, gama ladan magini bai kai kuɗin asibiti ba.

Ku ma, yara, kuna da naku rabo, ko da mahaifinku ba direba ba ne, in dai matafiyi ne. Abin da ba ya fi ƙarfinku, kamar ɗaure akuya, da share magudanar ruwa, da ajiye tsani inda gara ba za ta kai gare shi ba, ku yi tun bai komo ba. Abin da ya fi ƙarfinku, ku rubuta a takarda, tun da kun iya rubutu, ku ba shi ran kwana na biyu, kada ku bari sai ya sa ƙafa a mota. Kada ku taɓa makullinsa ko takardunsa. In yana barci, ku kai wasanku waje. In baƙo ya yi sallama, ku gaishe shi da ladabi, ku ce, "Baba yana hutawa, sai an jima."

Maƙwabcin nan nawa ya warke, ya koma aikinsa. Yanzu akwai ƙusa a bayan ƙofar ɗakinsa, can sama inda hannun auta ba ya kai, a nan ya ke rataye makulli. Ran da ya komo kuwa, babban ɗansa ya kan shimfiɗa tabarma a zaure, ya zauna yana karɓar gaisuwa har uban ya tashi.

Tambayoyi

1. Ta waɗanne garuruwa mota ta kan bi daga Kano zuwa Ikko?
2. Me fatake su kan yi in sun komo gida?
3. In direba ya rufe ido daƙiƙa 6, mita nawa motar nan za ta yi?
4. Rubuta ayyuka uku da za ka iya yi kafin matafiyin gidanku ya komo.