Yawon Gonakin Inabi da Rake a Ƙasar Zazzau

Zuwa ga Edita,

Ga ni kuma a ɗan filin da ka saba ba ni, in gaya wa 'yan'uwa masu karatu abin da na gano a hutuna.

A ƙasashen Turai akwai wata al'ada. Inda ake noman inabi, manoma su kan haɗa kai su tsara hanya guda, baƙo ya bi ta gona gona, ya ga aiki, ya ɗanɗana, ya saya. Jamus ta buɗe tata a 1935. A Faransa, ta lardin Alsas an buɗe ta a 1953, tsawonta ya fi mil 100. Su giya suke matsawa daga inabin. Mu kuwa ba ruwanmu da wannan, kada malamai su ce na kawo ɓarna. Dabarar kaɗai nake so mu duba.

Na tashi daga Zariya na bi ta Hunƙuyi na isa Kudan. Can na shiga gonar inabi, na ga an yi masa rumfa da sanduna da waya, ana yi masa aski domin ya yi toho, ana ba shi ruwa da rani. Mai gona ya tsinko mini nono guda, na ci, wallahi ba shi da makusa. Amma ya ce abin da ke damunsa shi ne in ya nuna ba ya jira, ba su kuwa da ɗakin sanyi, saboda haka kuɗin da dillali ya yanka, shi za a karɓa.

Kashegari na kwana Maƙarfi, garin rake. Na ga ana matse shi da inji, aikin da dā doki ke yi yana zagaya, sa'an nan a dafa ruwan har ya yi kauri, a zuba a 'yan kwanoni ya daskare, ya zama mazarƙwaila. Wanda bai sha ta da ɗuminta ba, bai san daɗinta ba. Daga nan na ƙarasa Ikara, inda aka kafa masana'antar tumatir a 1981, na ga fadamu jawur.

To, jama'a, ga garuruwa uku kusa da juna, tsakanin Zariya da Kano, kowanne da abin nunawa. Me zai hana manoma da hakimai su shirya, a sa alama a bakin hanya, a sanar da lokacin ɗiba, a tanadi inda baƙo zai zauna? In mai saye ya zo da ƙafarsa, ribar da ke tsayawa hannun dillali sai ta koma aljihun wanda ya sha rana.

Ku kuma malaman makaranta, ku kai yara su gani. Kunya ce yaro ya haddace kogunan Turai, bai san ana noman inabi a ƙasarsu ba. Gani ya kori ji.

Ina so mutanen Kudan da Maƙarfi su ba ni amsa a wannan fili. Haza wasalam.

Naku,
Akawu Mai Yawo, Zariya.